Amsoshin tambayoyinku: zuwa gidan abincin Sinawa a babban birni

Tun da aka buɗe matatar man SORAZ a 2011 muka saba da ganin Sinawa a Damagaram, kuma ganyen shayin da ake dafawa a kowace fada daga ƙasarsu yake zuwa. Abincinsu ne har yanzu yawancinmu ba mu san kansa ba, sai in tafiya ta kai mutum Yamai ko Kano. Tambayoyi huɗu a kan wannan na haɗa a wannan makon.

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Kayan gyaran babur nake sayarwa a Kasuwar Dole. Wanda nake saro kaya a hannunsa ya ce in na zo Yamai mun gama lissafi zai kai ni gidan abincin Shinuwa. Ina jin nauyin in ƙi, ina kuma tsoron a ba ni alade ban sani ba. In je ko in kawo uzuri?

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka je, amma ka je da bakinka. Mutum ya karrama ka, kuma huldar kasuwa da yawa a kan akushi take ƙulluwa.

Tsoronka yana da tushe. Kusan rabin naman aladen da ake ci a duniya a ƙasar Sin ake cinye shi, har ma a girkinsu in aka ce nama kawai ba a faɗi dabbar ba, to alade ake nufi. Sai dai wanda ya buɗe gidan abinci a Yamai ya san su wane ne masu shigo masa, kuma sa da rago yawanci a kasuwar garin ake sayo su, yankan mahautanmu. Kaza ce za ka tambaya, don akwai ta kwali mai ƙanƙara da ake shigo da ita daga waje.

Tsokar alade a fili ba ita ce abin damuwa ba, za ka gan ta a takardar abinci an rubuta porc, ka tsallake. Inda ake kuskure shi ne wurin da aka yayyanka shi ƙanana ya ɓace cikin wani abu. Soyayyar shinkafar nan mai ƙwai da koren wake, wadda ake rubutawa riz cantonais, kusan kowane baƙo ita yake fara nunawa da yatsa don ta yi kama da abin da ya sani. Ka duba ta da kyau: 'yan gutsattsarin nan masu launin ja-ja da ke ciki jambon ne, kuma in ba a ce maka na sa ko na talotalo ba ne, na alade ne. Haka nem, naɗaɗɗen soyayyen abin nan da ake fara kawowa, da ƙullin fulawa mai nama a ciki da ake turarawa. Niƙaƙƙen nama ne a cikinsu, ido ba ya rabe shi. Romon miya ma a tambayi ƙashin da aka dafa.

Sai giya. Akwai wata giyar shinkafa ta garin Shawshin da masu girkinsu suke ɗan zuba wa nama don kashe ƙarni. Ba a rubuta ta a takarda, don a wurinsu kayan miya ce. Abin da zai taimake ka shi ne yawancin abincin nan ba a dafe yake a ajiye ba. Sai ka yi oda ake jefa shi a kasko kan wuta mai ƙarfi, minti kaɗan a sauke. Saboda haka in ka ce kada a sa, ana iya bari.

Masu kawo abinci a irin waɗannan wurare galibi 'ya'yanmu ne, suna jin Hausa ko Zabarmanci. Ka kira yaron ka tambaye shi a hankali: ana girka alade a gidan nan? In ana yi, kasko ɗaya ne da mai ɗaya, ko an ware? Ana sa giya a miyar? In ya amsa kai tsaye, ko ya ce bari ya shiga ya tambayo, alama ce mai kyau. In ya hau kame-kame, ka tsaya a kan farar shinkafa da kifi ko ganye, ka ce a wanke kasko a sa sabon mai. In zuciyarka ba ta kwanta da haka ba, ka sha shayi da lemo, ba wanda zai kama ka da laifi. Hukuncin kaskon da aka soya alade aka wanke kuwa, malaminka za ka tambaya kafin ka hau mota, shi ya fi ni sani.

Abin da na fi so ka yi shi ne ka faɗa wa mai gayyatarka tun a waya cewa ba ka cin alade, ba ka son a sa maka giya. Sinawa ba baƙin Musulunci ba ne. Ƙabilar Hui kaɗai, waɗanda Musulmi ne, sun haura miliyan 11 a ƙidayar 2020, kuma taliyar da ake ja da hannu da romon sa ta birnin Lanjo, wadda ta karaɗe ƙasar baki ɗaya, girkinsu ce. In Allah ya buɗa ka fara zuwa birnin Gwanju na ƙasar Sin sarin kaya da kanka, irin shagunansu za ka nema, masu koren allo da rubutun halal.

Tambaya: Hajiya, barka da aiki. Ban daɗe da aure ba, a Garin Malam nake. Za mu je Yamai da amarya, kuma ina son in fita da ita da ƙannenta biyu da ke karatu a can. Jika 30 na ware. Me zan saya kada in ji kunya?

Ɗana, Allah ya ba da zaman lafiya. Kafin ranar, ka bi ta wurin kai kaɗai ka ce a ba ka takardar abinci ka duba farashi. Wuraren zamani da yawa ma suna sa ta a Facebook ko su turo maka ta WhatsApp. In ka ga kuɗinka ba zai kai ba, ka canza wuri tun ba ka zaunar da 'yan mata ba.

Kuskuren da ke cinye kuɗi shi ne kowa ya zaɓi farantinsa. Abincin nan ba haka aka tsara shi ba. A tsakiyar tebur ake jera shi kowa ya ɗiba, kamar yadda muke haɗuwa a kan tire ɗaya a gida. Ku huɗu, kala uku da farar shinkafa sun ishe ku: ɗaya na nama, ɗaya na ganye, ɗaya soyayyar taliya. In bai isa ba a ƙaro, ai ba ya daɗewa.

Ga wanda zai fara, ina ba da shawarar kaza da gujiya da busasshen barkono, girkin lardin Sicuwan. Harshenmu ya saba da yaji, zai karɓe ta. In kun ji leɓɓanku sun ɗan yi zir-zir kamar sun mutu, kada amarya ta tsorata. Wani ɗan ƙwayar yaji ne nasu yake yin haka, kuma da gangan ake sa shi. Naman sa da albasa ko da tattasai shi ma ba ya ba da kunya. In kun ga tofu, awara ce, ta waken suya, sai dai tasu ta fi laushi kuma a cikin miya take zuwa. A tambaya ko an sa mata niƙaƙƙen nama. Ganyen zai zo kore shar yana ƙaras-ƙaras a baki. Ba ɗanye ba ne, iyakar dahuwarsa ke nan.

Abu biyu zan hana ka. Na farko miyar nan mai zaƙi da tsami, aigre-douce. Mutanenmu da yawa ba sa jure sukari a kan nama, kuma na ga faranti ya koma cike saboda ita. Na biyu jatan lande da ƙaguwa. Ba don haramci ba, a mazhabar Malikiyya abin cikin ruwa halal ne. Tsada gare su, sannan sun yi tafiyar kilomita wajen 1000 daga bakin teku cikin ƙanƙara, ga zafinmu ga ɗaukewar wuta. Kana gaɓar kogin Isa, ka ci giwan ruwan da aka kamo a nan.

Ka kula da lemon kwalba, shi ne yake kumbura lissafi ba a ankara ba. Babbar gorar ruwa ɗaya da butar shayi sun wadatar. Abin da ya rage kuma ka ce a ƙunsa muku, ƙannen su tafi da shi makaranta. Su kansu Sinawa haka suke yi, har doka ƙasarsu ta kafa a 2021 a kan ɓarnar abinci.

Tambaya: Inna, ni ɗaliba ce a jami'ar nan ta Damagaram. Ban iya cin abinci da tsinken nan biyu ba. Za a yi mini dariya?

A'a, 'yata. Ki ce a ba ki cokali, akwai shi a kowane tebur ko a bayan kanta. In kina sha'awar gwadawa, na ƙasa a kafe yake, na sama kaɗai ake motsawa, kuma ki fara da yankan nama, ba shinkafa ba. Abu ɗaya ki kiyaye in kina tare da Basine: kada ki soke tsinken a tsaye cikin kwanon shinkafa, don a wurinsu hakan alamar hadayar mamaci ce. Ki kwantar da su a gefe.

Tambaya: Hajiya, zan kai mahaifiyata Kano ganin likita. Tana da hawan jini da ciwon sukari. Ina son in ɗan faranta mata da abincin da ba ta taɓa ci ba. Ya dace?

Allah ya yi maka albarka, Allah ya ba Hajiya lafiya. Ya dace in ka zaɓa da lura, don gishirin abincin nan ba a gani yake ba. Baƙin ruwan waken suyan da suke zubawa a kusan komai, babban cokali ɗaya nasa yana ɗauke da sodiyam wajen miligiram 900, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai 2000 a yini. Ka ga cokali biyu sun kusa cinye rabon ranar. Farin magin da ake yawan zargin su da shi kuwa shi ne dai wanda ke cikin kicin ɗinmu, shi ma sodiyam gare shi.

Ka nema mata turararren kifi da citta da albasa mai lawashi, da ganye, da 'yar farar shinkafa kaɗan. Ka ce a rage gishiri, kada a sa magi, miyar kuma a kawo ta daban a ƙaramin kwano ta riƙa dangwala. Ka bar duk abin da aka tsoma a ƙullu aka soya, da duk miya mai kauri mai sheƙi, don sukari da sitaci ne suke ba ta wannan sheƙin. Kuma ku je bayan an ɗebi jinin gwaji, ba daren da za a wayi gari a auna ta ba.

Ka tambaye ta tukuna ko tana so. Wasu iyayen namu surutun wurin da sanyin na'ura kaɗai sun isa su hana su sakewa. In ka ga haka, ka sayo a ƙunshe ka kai mata masauki, ka haɗa da abin da ta saba ci ko da wannan bai yi mata ba.