Katin bashi na kanti: me zan gaya wa mai saye?

'Yar'uwa, kin ce kin samu aiki a wani kanti a Amurka, an ɗora miki tallar katin bashinsu da inshorarsa (wadda ke taimakawa wajen biyan bashin in wata matsala ta hana mai katin biya), kina tsoron ki cuci mutane.

Fara da gaya wa mai saye cewa banki ne ke ba da katin, kamar Synchrony ko Citibank, kuma za a binciki tarihin bashinsa da lambar Social Security ɗinsa (lambar shaida da gwamnatin Amurka ke ba mutum), abin da kan ɗan rage masa makin da bankuna ke auna amincinsa wajen biyan bashi da shi. Shi zai danna lambar da hannunsa, kada ki karɓa.

Inda aka fi kwana ciki shi ne ruwa. Da yawan katunan nan ruwansu na kai kashi 30 cikin ɗari a shekara. Wanda aka ce "babu ruwa na wata 12" kuwa, in wa'adin ya cika da saura ko dala 10, za a lissafa masa ruwan tun ranar da ya ɗauki kayan. Sa yatsa a kan layin da ya faɗi haka a takardar yarjejeniyar katin, ki karanta masa.

Inshorar ba dole ba ce, ana cire kuɗinta ne kowane wata gwargwadon bashin. In ya ce a'a, ko don gudun riba, ki ƙyale shi ya biya ya tafi.