Abin da ido bai gani a taswirar kamfani

Kai yaro, ka tambaye ni me ya sa za ka wahala da rubuta sikirif, wato ɗan gajeren shirin kwamfuta, alhali Archi, manhajar da muke zana taswirar injina da manhajojin kamfani da ita, tana da Validator, mai duba kurakuran taswira, a cikinta, danna maɓalli ɗaya ka gama. Wannan shi ne halin yaran yanzu, an ga maɓalli an huta.

Validator tana da amfani, ban hana ba. Tana nuna abin da ba a saka a kowane zane ba, da zanen da aka bari fanko, da abubuwa biyu iri ɗaya masu suna ɗaya. Amma sai sunan ya zo daidai harafi da harafi. A nan ake shiga uku.

Wani kamfanin rarraba kaya a Sharada da muka zana wa taswira, ma'aikatansu biyu suka shigar da jerin saba, wato kwamfutocin da ke ɗauke da manhajojinsu, ta fayil ɗin CSV, mai jera bayanai layi-layi, kowa da nasa. Ɗaya ya rubuta DB-01, ɗayan ya rubuta db01. Saba ɗaya ce a ɗakin injina, amma a taswira ta zama biyu, kowace da lambar ID ɗinta. Duk layukan da ke nuna manhajar rasit da ta lissafin kayan sito sun dogara da ita suna jikin ta farko. Ta biyun tana zaune tsirara, ba layi ko ɗaya. An ce musu a bari a tace taswirar kafin a yanke hukunci da ita, manaja ya ce ba zai biya kuɗin duba abin da ya riga ya biya kuɗin zanawa ba. Da aka zo rage kashe kuɗi, suka buɗe ta biyun, suka ga ba mai amfani da ita, suka kashe sabar. Motoci suka yi layi a bakin ƙofa, direbobi na zaune a inuwa, ba a iya fitar da rasit. Sannan manajan ya riƙe mana cikon kuɗinmu, wai taswirarmu ce ta yi ƙarya. Har yau abin na ci mini rai, wallahi.

To saurara. Da jArchi za ka yi, ƙarin da ake saka wa Archi don rubuta sikirif, JavaScript ce, ba sai na koya maka sakawa ba. Ka bi kowane abu a taswirar, ka mayar da sunansa ƙananan haruffa, ka cire sarari da karan ɗori da ɗigo, ka haɗa shi da nau'insa. Duk biyun da suka fito iri ɗaya, ka buga sunansu da ID ɗinsu. Nau'in dole ne, domin a ArchiMate, ƙa'idar zanen da Archi ke bi, manhaja da hidimar da take bayarwa suna iya yin suna ɗaya, kuma ba laifi ba ne.

Daga nan ka ƙirga rels na kowane abu, wato layukan da ke haɗa shi da wasu. Sifili na nufin maraya ne, ka tuhume shi. Ka duba objectRefs ma, wato wuraren da abin ya fito a zane, don goge abu daga zane ba ya goge shi daga taswirar, yana nan kwance a jerin gefe. Kowace manhaja kuma a ga sabar da ke ɗauke da ita, a ga sunan sashen da ke da ita a prop, wato bayanan da ake liƙa wa abu. In babu, a rubuta.

Abin da ba na yafewa shi ne sikirif mai gogewa da kansa. Naka ya kawo rahoto kawai. Kai za ka ɗauki jerin, ka taka zuwa wurin mai kula da sabar, ya tabbatar maka da bakinsa, sannan ka yi merge, wato ka haɗe biyun, layukan su koma jikin guda ɗaya. Kuma ka gudanar da shi duk lokacin da za ka tura aiki ta coArchi, ƙarin da ake aiki tare a taswira ɗaya da shi, da bayan kowace shigar da CSV. Gobe da safe ka kawo mini na tace sunayen in gani.