Tambayi Tanti: Wannan Makon na Masu Tsohon Ciki ne

Assalamu alaikum matan Damagaram da kewaye. Tunda zafi ya kankama saƙonnin masu tsohon ciki suka yi mini rubdugu, to na ture sauran tambayoyin zuwa wani makon, ku yi haƙuri. Sunaye dai kamar kullum na cire su.

Tambaya: Tanti barka da aiki. Cikina wata takwas ne, na uku kenan, amma wannan karon ƙafafuna sun kumbura har silifas ba ya shiga sai na ari na maigida. Mu biyar ne muke haɗuwa a benci ranar awo tun muna wata huɗu har mun zama ƙawaye, kowacce ta ɗage zane ta nuna tata ƙafar muka yi ta dariya, suka ce ai duk haka ne zafi ne kawai. To amma ni kwana biyun nan har zobena ya matse kuma kaina yana sarawa. Randebu na sai nan da sati biyu, in jira? — Daga unguwar Birni

Amsa: Ƙanwata kar ki jira, yau ɗin nan ki ɗauki karnenki, wato katin awo, ki tafi a gwada miki tansiyo, wato hawan jini, da fitsari. Na fara da wannan ne don kar ki tsaya karanta sauran surutuna.

Ƙawayenki ba ƙarya suka yi ba, rabin gaskiya suka faɗa. Kumburin ƙafa a tsohon ciki kusan kowa na yi, mahaifa ta yi nauyi ta danne manyan jijiyoyin da ke maido da jini daga ƙafa, ga jiki ya tara ruwa, ga zafin watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, ga ki tsaye a bakin murhu ko layin famfo da bido. Irin wannan da yamma yake tsananta, in kin kwana kin miƙe ƙafa da safe sai ki ga ya saɓe. Maganinsa ki ɗora ƙafa bisa matashi in kin zauna, ki rage tsayuwa, ki sha ruwa sosai, ee ki sha, rage shan ruwa ba ya rage kumburi sai dai ya jawo miki ciwon fitsari.

Amma in kumburi ya hau hannu da fuska, kin tashi da safe ido a kumbure zobe ya ƙi fita, ga ciwon kai da ba ya jin paracetamol, ko ido yana ganin dishi-dishi ko walƙiya, ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, wannan wani zance ne daban. Hawan jini ne na ciki, yana zuwa bayan sati 20, kuma shi ne ke kai mace ga jijjiga. In an gwada an ga 140 bisa 90 ko sama, wato abin da sajfam, ungozomar likita, za ta ce miki sha huɗu da tara, to sai an sa ido a kanki. Abin haushin ciwon nan mace tana iya yawonta ras tana daka tana shara alhali tansiyo ya hau, kuma in ta faɗi tana jijjiga a wasu gidajen sai a ce iska ce a tsaya hayaƙi da tofi har lokaci ya ƙure. Addu'a a yi ta a cikin adaidaita ana tafiya likita. Kuma in kin dawo ki gaya wa sauran huɗun nan bambancin, tunda ku ke duba ƙafafun juna to ku riƙa duba fuskokin juna ma.

Tambaya: Tanti ƙwannafi zai kashe ni, ko ruwa na sha sai ya taso. Maƙwabciyata ta ce yaron gashi gare shi da yawa, ta ce in riƙa jiƙa kanwa ina sha, kuma wallahi ina jin sauƙi. Akwai matsala? Sannan ina son cin farar ƙasa da tauna ƙanƙara, kunya nake ji in faɗa a likita. — Daga Zango

Amsa: Maganar gashi ki bar ta a wajen hira, in an haihu ma gani. Abin da ke faruwa sinadaran ciki suna sassauta bakin tumbi, ga yaro ya girma ya turo shi sama, sai ruwan tsamin ciki ya riƙa tasowa maƙogwaro. Kanwa tana kashe tsamin nan take shi ya sa kike jin daɗi, amma kanwa gishiri ce ƙanwata, irin gishirin da ke riƙe ruwa a jiki ya taimaka wa tansiyo ya hau, kuma mai tsohon ciki ba ta neman ko ɗaya a cikin biyun nan. Ɗan abin da ake sa wa miyar kuka ko wake ba shi nake nufi ba, jiƙo kofi-kofi kullum nake hana ki. Ki riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa maimakon ki zauna ki tada kwanon tuwo, ki rage yaji da soye-soye da dare, in kin ci ki ba shi kamar awa biyu kafin ki kwanta, ki tada kai da matashi biyu. In ya ƙi akwai maganin ruwa da sajfam za ta rubuta miki wanda ba ya cutar da ciki.

Farar ƙasa da ƙanƙara kuwa ba ke kaɗai ba ce, da za a zazzage jakunkunan matan da ke benci ranar awo da an sha mamaki. Sau da yawa alamar ƙarancin jini ce, kuma ita ƙasar tana ƙara hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe, ga tsutsar ciki da za ta iya zuwa da ita. Ki faɗa a yi miki analiz ɗin jini. Ina jajayen ƙwayoyin ƙarin jinin nan da aka ba ki a awo? Na san halinku, suna ƙasan katifa don wai suna sa tashin zuciya da baƙin bayan gida. Baƙin bayan gidan ba komai ba ne, ki sha su da dare bayan abinci, kar ki kora da shayi don shayi yana tare su, ki haɗa da kwaɗon zogale da wake da ɗan nama in Allah ya hore, da lemun tsami.

Tambaya: Salam Tanti. Uwar mijina ta hana ni shan duk wani abu mai sukari har dabino da rake, wai zaƙi zai taru ya toshe hanya in sha wuya wajen naƙuda, kullum sai ta kawo mini jiƙon sassaƙe mai ɗaci ta tsaya sai na shanye. Ina ganin farin ruwa yana fita ta ce ai zaƙin ne yake zuba. Ba na son in yi mata musu don tana sona tsakani da Allah. — Daga Garin Malam

Amsa: Allah ya saka wa Inna da alheri, wata surukar ko sannu ba ta yi. Maganar zaƙi tun kakanni ake yinta, kuma ba na cikin masu yi wa tsofaffi dariya, sun ga mata suna kwana biyu kwana uku a kan gwiwa suka nemi dalili da abin da ke hannunsu. Sai dai babu wani zaƙi da ke taruwa ya toshe hanyar haihuwa. Abin da ke tsayar da naƙuda shi ne yaro ya zo a gicciye ko ta zaune, ko kansa ya fi ƙugun uwa musamman yarinya ƙarama, ko mahaifa ta gaji, kuma duk waɗannan hannun sajfam da eko, wato hoton ciki, ne ke gano su ba ɗacin magani ba. Farin ruwan da kike gani kuwa yana ƙaruwa dama a tsohon ciki, in ba ya wari ba ya ƙaiƙayi ba komai. In yana ƙaiƙayi ko wari, sanyi ne a ba ki magani. In kuwa ruwa ne tsararo yana bin ƙafa ba ki iya riƙe shi, faya ce ta fashe, likita kai tsaye ko da babu ciwo.

Inda Inna ta yi kusa da gaskiya, akwai ciwon sukari na masu ciki wanda ke sa yaro ya yi girma fiye da kima haihuwa ta yi wuya, ana gwada shi a jini wajen sati 24 zuwa 28. To rage lemun kwalba da shayi mai sukari cokali huɗu ba laifi ba ne. Jiƙon ne ban yarda da shi ba, don ba ke ba har mai sayar da shi a kasuwar Dole bai san ƙarfin abin da ke cikin kofi ɗaya ba, wasu suna sa zawo su tsotse miki ruwa a wannan zafin, wasu suna matsa mahaifa da ƙarfi tun hanya ba ta buɗe ba. Kar ki yi musu da ita, dabara za ki yi, ki ce Inna raka ni awo ƙafata ba ta da ƙarfi, in kun shiga ki tada zancen a gaban sajfam, abin da ba za ta karɓa daga bakin suruka ba za ta karɓa daga mai farar riga. Maigidan ma ya sa baki, uwarsa ce.

Tambaya: Ba na barci Tanti. Kuran, wato wutar lantarki, ta tafi, fitsari sau biyar, jijiyar ƙafa ta ɗaure, shi kuma maigida yana ta minshari abinsa. — Daga Sabon Gari

Amsa: Ki tashe shi ya murza miki ƙafar, ai tare kuka ɗauko. In ta ɗaure ki miƙe ƙafar ki jawo yatsun wajen gwiwa sai ta saki. Daga wata bakwai ki riƙa kwanciya ta gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, rigingine yana danne babbar jijiya, in kin farka kin gan ki a rigingine juyawa kawai za ki yi ba abin tada hankali ba ne. In tsakar gida za ku kwana don iska to da gidan sauro, kuma kar ki tsallake Fansidar ɗin nan na rigakafin zazzaɓin sauro, ƙwaya uku da ake ba ku a awo, ana so ki sha aƙalla sau uku kafin haihuwa, wata guda tsakani.

Tambaya: Tanti cikin fari ne, wata tara ya kama. Za a kai ni goyon ciki gidanmu wani ƙauye bayan Mirya. Marata tana ɗaurewa ta saki, ban san ko naƙuda ce ba kuma kin san ba a tambayar uwa irin wannan. An ce in ta zo in yi shiru kar in ba da kunya. Tsoro nake ji. — Daga Karkada

Amsa: Ƴata tsoro ba laifi ba ne, mai haihuwa goma ma tana jinsa ba ta faɗa ne kawai. Wannan ɗaurewar da ke zuwa ba kan ƙa'ida, in kin sha ruwa kin kwanta ko kin canza zama ta lafa, naƙudar ƙarya ce, mahaifa ce ke gwaji. Ta gaskiya ba ta lafawa, tana dawowa a kan lokaci, tazarar tana raguwa ciwon yana ƙaruwa, yawanci daga baya take zagayowa mara, wani lokaci da majina mai ɗan jini-jini. Lokacin haihuwa daga sati 37 ne zuwa 42, ranar da aka rubuta miki a karne kintace ce, kar ki ga ta wuce da kwana biyu ki ce an ɗaure miki ciki, amma in ta wuce da mako ki koma a duba.

Maganar shiru ce ba zan bari ta wuce ba. Ki ƙi yin ihu in kina iyawa, wannan ruwanki, amma ɓoye cewa naƙuda ta fara ba kunya ba ce ganganci ne. Ƴan fari nawa suka shige ɗaki suka toshe baki da zane tun magariba, sai da asuba aka gane, sannan a fara neman mota. Doguwar naƙuda ita ke kawo yoyon fitsari, kan yaro ya daɗe yana danne mafitsara har wurin ya mutu ya huje. In rana ta fito ta faɗi mace tana kan gwiwa an riga an makara, kuma kar ki yarda kowa ya kawo reza da sunan yankan gishiri. Tunda ba ki iya gaya wa mahaifiyarki, tun ranar da kika sauka ki zaɓi mutum ɗaya, goggo ko yaya ko matar wa, ki ce da ita ke zan fara taɓawa ko ƙarfe nawa ne.

Kafin ki bar gari ki je awo na ƙarshe ki ce za ki ƙauye, a duba kwanciyar yaron da tansiyo da jini, in sun ce ki zauna kusa da matanite, wato likitar haihuwa, to a ɗaga goyon cikin, a yi wankan jego a can daga baya. In sun ce ki tafi, ki san CSI, wato ƙaramar likita, mafi kusa da ƙauyenku, ki ajiye lambar mai mota mutum biyu a salularki da ta wadda kika zaɓa, maigida ya tanadi ɗan'uwa da zai iya ba da jini. Tun 2005 doka ta ce tiyatar haihuwa kyauta ce a likitocin gwamnatin Nijar, amma kuɗin mota da na ɗan ordonansi, wato maganin da za a rubuta miki, ki ƙulle su daban a bakin zane kar su shige cikin kuɗin kayan suna. Jaka ɗaya ta ishe ki, karne, zannuwa tsofaffi masu tsabta, sabulu, kayan jariri, tocila. Motsin yaro kuma ki riƙa lura da shi, ba gaskiya ba ne wai in haihuwa ta kusa yana daina motsi, in kin ji ya ragu ba kamar yadda ya saba ba, ko kin ga jini, ko zazzaɓi ya rufe ki, ranar za ki tafi ba washegari ba.

In akwai wadda kuka saba a benci da ta riga ki haihuwa ki karɓi lambarta kafin ki tafi, ita za ki iya tambaya abin da ba ki iya tambayar kowa a gidanku. Allah ya raba lafiya. Mai tambaya kan azumi da ciki da mai tambaya kan wankan jego da kunun kanwa, naku na mako mai zuwa in sha Allah.