An ga sunan ɗana a rajistar asibiti, an kira ni don gwajin magani

Ƴar'uwa, kin ce ma'aikaciyar jinya ta kira ki daga asibitin unguwarku a Tahoua, wai sun ga sunan ɗanki a rajista, suna son saka shi cikin gwajin magani, kina tambaya ko hakan daidai ne.

Abu ne da ake yi. Rajistar awon yara tana ɗauke da shekarun yaro, nauyinsa, ciwon da aka duba, wani lokaci har lambar waya. Duba ta ya fi bin gida-gida sauƙi wajen gano wanda ya dace. Sai dai a ganina, ma'aikacin da ya saba duba yaron ne ya kamata ya kira ki, ba baƙon da aka miƙa wa littafin ba.

Ki je da karnen yaron, wato katinsa na awo. Ki tambaya ko kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya ya amince da aikin, a karanta miki takardar yarda da Hausa, ki kai ta gida ku yi shawara da maigida. In kin ƙi, ba a hana yaron magani, kuma ko kin sa hannu kina iya janyewa.

Tsoronki yana da dalili, ba mu manta da Trovan ba, maganin da aka gwada a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu ba. Amma rigakafin gudawar yara na Rotasiil a Madarounfa ta jihar Maradi aka gwada shi, da yardar iyaye, an kuma fitar da sakamakon a 2017.