Shin takardar haƙƙin ƙirƙira za ta iya hana jami'a amfani da buɗaɗɗiyar manhaja?

Tambaya: Ni malami ne a sashen kimiyyar kwamfuta na wata jami'a a Najeriya, kuma an sa ni cikin kwamitin da zai zaɓa mana manhajar koyarwa ta intanet. Yawancinmu mun karkata ga Moodle saboda kyauta ce kuma muna iya gyara ta yadda muke so, sai wani abokin aikinmu ya ce ya ji an taɓa yin shari'a a Amurka kan irin waɗannan manhajoji, wai wani kamfani zai iya tasowa ya ce fasahar tasa ce. Shin gaskiya ne? Kuma idan ɗalibanmu suka rubuta wani ƙari a kanta, ya kamata mu nema musu takardar haƙƙin ƙirƙira?

Amsa: Malam, abokin aikinka bai yi ƙarya ba, an yi shari'ar. Amma kafin mu shiga labarinta, sai mu raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Haƙƙin mallakar rubutu yana kare ainihin abin da marubucin manhaja ya rubuta, layi bayan layi, kamar yadda yake kare littafi, kuma shi ne mai buɗaɗɗiyar manhaja yake sassautawa ta hanyar lasisi, ya ce kowa ya kwafa, ya gyara, ya raba. Takardar haƙƙin ƙirƙira kuwa dabara take karewa, wato hanyar yin abu, na tsawon shekara 20, ko da wanda ya yi amfani da dabarar bai taɓa ganin aikin mai takardar ba. Saboda haka lasisin Moodle alkawari ne tsakaninku da waɗanda suka rubuta ta, ba ya ɗaure hannun wani bare da ke riƙe da takarda a aljihunsa.

Baren a wancan karon shi ne kamfanin Blackboard. A watan Janairun 2006 ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka ya ba shi takarda kan tsarin koyarwa ta intanet, kuma abin da aka fi ja a kansa shi ne dabarar da ke ba mutum ɗaya damar shiga da suna guda, ya zama malami a wani kwas, ɗalibi a wani. A watan Yulin shekarar ya kai ƙarar Desire2Learn, wani kamfanin Kanada da ke gogayya da shi, a kotun tarayya da ke jihar Texas. Ba a kai ƙarar Moodle ba, haka ma Sakai, wata buɗaɗɗiyar manhajar koyarwa wadda jami'o'in Michigan, Indiana, Stanford da MIT suka haɗa hannu suka fara a 2004. Duk da haka hankalin jami'o'i ya tashi, domin idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa: dabarar da ake magana a kanta tana cikin kusan kowace manhajar koyarwa, kuma Blackboard ɗin bai daɗe da haɗiye babban abokin hamayyarsa WebCT ba.

Abin da jami'o'i suka yi shi ne ya fi ba ni sha'awa a duk labarin. Sharaɗin farko na takardar haƙƙin ƙirƙira shi ne abin ya zama sabo, don haka malamai da ma'aikatan kwamfuta suka shiga tono tsofaffin ayyuka, suna tara shaidar cewa an riga an yi wannan tun kafin Blackboard ya nema, har aka buɗe shafi guda a Wikipedia kan tarihin manhajojin koyarwa don wannan manufa. Ƙungiyar EDUCAUSE, wadda ta tattara masu kula da fasahar sadarwa a manyan makarantun Amurka, ta rubuta wa kamfanin tana neman ya saki takardar, lauyoyin Software Freedom Law Center kuma suka nemi a sake duba ta a madadin Moodle, Sakai da ATutor. A watan Fabrairun 2007 Blackboard ya yi alkawari a rubuce cewa ba zai kai ƙarar buɗaɗɗun manhajoji ko waɗanda makarantu suka rubuta wa kansu ba. Bai yi haka don tausayi ba, a ganina. Jami'o'in nan su ne masu sayen kayansa.

Shari'ar kanta ta fara yi wa Blackboard daɗi, domin a 2008 an yanke cewa Desire2Learn ya biya shi kimanin dala miliyan 3.1. Amma a watan Yulin 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin, kuma cikin tsofaffin manhajojin da ta dogara da su wajen cewa dabarar ba sabuwa ba ce har da CourseInfo, wadda ta Blackboard ɗin ce da kansa. Kafin shekarar ta ƙare kamfanonin biyu suka sasanta. A 2012 Blackboard ya sayi Moodlerooms da NetSpot, kamfanoni biyu da sana'arsu ita ce yi wa makarantu hidimar Moodle.

Tun daga lokacin ƙofar samun irin wannan takarda ta ƙara tsukewa. A 2014, a shari'ar Alice da bankin CLS, kotun ƙolin Amurka ta ce ɗaukar sananniyar dabara a ce kawai a yi ta da kwamfuta bai isa a ba mutum takarda ba. Sannan ita takardar ba ta tsallake iyaka: wadda aka bayar a Amurka ba ta da iko a kan na'urar da ke aiki a Kano ko Zariya, sai in mai ita ya yi rajista a Najeriya ma. Don haka shawarata ga kwamitinku ita ce kada wannan fargaba ta shiga ma'aunin zaɓinku. Abin da zai ci muku kuɗi shi ne wutar lantarki, na'urar da za ta ɗauki manhajar, da ma'aikacin da ya iya kula da ita. Ku dai sani cewa sunan Moodle tambarin kasuwanci ne mai rajista, don haka idan wata rana jami'ar ta so sayar wa wasu makarantu hidima da wannan suna, sai ta nemi izini.

Game da ɗalibanku, ban ga ribar neman musu takarda ba. Moodle tana ƙarƙashin lasisin GPL ne, zubi na uku, wanda ya wajabta cewa duk ƙarin da aka gina a jikinta aka kuma raba wa jama'a ya fita da lasisi iri ɗaya, kuma ya tanadi cewa mai ba da gudummawa ya yafe wa masu amfani duk wani haƙƙin ƙirƙira da yake da shi a kan abin da ya bayar. Ka ga ke nan za ku biya kuɗin rajista da na sabuntawa kowace shekara a kan takardar da ba za ku iya tuhumar masu amfani da ƙarin da ita ba. Bayan haka, a ƙarƙashin dokar haƙƙin ƙirƙira ta Najeriya ta 1970 ofishin rajista yana duba cikar takardu ne, ba ya binciken ko dabarar sabuwa ce, saboda haka samun takardar ba ya nuna za ta tsaya a gaban alƙali.

Na san abin da ke jan hankalin hukumomin jami'a, wato labarai irin na Jami'ar Kalifoniya, wadda tare da kamfanin Eolas aka yanke wa Microsoft ya biya su dala miliyan 521 a 2003 saboda wata takarda kan shigar da shirye-shirye masu motsi cikin shafukan intanet. Sai dai ba a cika faɗin ƙarshen labarin ba: a 2012 wata kotu a Texas ta soke haƙƙin, bayan Tim Berners-Lee, wanda ya ƙirƙiro tsarin shafukan yanar gizo, ya je da kansa ya ba da shaida. Cikin hujjojin da aka gabatar har da ViolaWWW, manhajar da Pei-Yuan Wei ya rubuta yana ɗalibi a reshen Berkeley na ita wannan jami'ar.

Abin da zai amfani ɗalibanku shi ne su wallafa aikinsu a fili, a ma'ajiya irin GitHub ko rumbun ƙare-ƙaren Moodle, da sunayensu da kwanan wata da bayanin yadda abin yake aiki, domin wannan rubutun ne zai hana wani zuwa daga baya ya yi rajistar dabarar, kuma shi ne mai ɗaukar ma'aikata zai iya buɗewa ya gani. Kafin su fara, kwamitinku ya nemi ofishin lauyan jami'a ya fayyace a rubuce wane ne mai haƙƙin mallakar aikin da ɗalibi ya yi a ƙarƙashin kulawar malami, domin mai haƙƙin ne kaɗai zai iya sa masa lasisi.