Me ya sa ake sa matasan Hawai gyaran tsohon kwale-kwale?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga bidiyon wasu 'yan makaranta a tsibiran Hawai sun taru kan wani ƙaton kwale-kwale, wasu na gugarsa, wasu na ɗaure shi da igiya, aka ce wai darasin al'ada ne. Abin ya ɗaure min kai. Wurin nan yana ƙarƙashin Amurka, ga jirage masu inji birjik. Me yaro zai ƙaru da shi a wannan wahala?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Sai ka san abin da mutanen nan suka yi asara, sannan za ka gane dalilin gumin yaran.

Kakannin mutanen Hawai a kwale-kwale suka iso tsibiran, daga nisan dubban mil, ba taswira ba na'ura, sai kallon taurari da karanta igiyar ruwa da bin tashin tsuntsaye. Sannu a hankali ilimin ya ɓace. A 1893 aka hamɓarar da Sarauniya Lili'uokalani, a 1896 aka mai da Turanci harshen koyarwa a makarantu. Har ta kai wasu masana na waje suna cewa ai iska ce kawai ta kwaso kakannin nasu ta yar a can bisa tsautsayi. Wannan magana ta yi musu ciwo, kuma da gaskiyarsu.

Amsar da suka bayar ita ce Hokule'a. Ƙungiyar Polynesian Voyaging Society, wadda aka kafa a 1973, ta ƙera wannan kwale-kwale mai ciki biyu, tsawonsa ƙafa 62, ta saka shi a ruwa a 1975. Da aka tashi tafiya tsibirin Tahiti a 1976, ba a samu ɗan Hawai ko ɗaya da ya san hanyar taurari ba, sai da aka ɗauko Mau Piailug daga tsibirin Satawal na Maikuronesiya. Ya kai su lafiya, tafiyar kusan mil 2,500. Ɗalibinsa Nainoa Thompson ya maimaita ta da kansa a 1980.

To, ina gyara ya shigo? Kwale-kwale irin wannan ba a haɗa manyan sassansa da ƙusa. Igiya ce ke riƙe cikkunan biyu da sandunan da suka gitta su, igiyar da in aka miƙe ta sai ta yi mil da yawa. Ɗaurin yana ɗan motsawa tare da ruwa, shi ya sa jirgin ba ya tsagewa. Duk lokacin da aka fito da shi tudu, sai a kankare, a goge, a shafe, a sake ɗauri. Yaro ba zai iya wannan shi kaɗai ba: wani na ja, wani na bugun igiyar ta zauna, babba na tsaye yana duba. A nan yake jin sunan kowane sashe da harshensu, ya koyi addu'o'i da waƙoƙin aikin, ya ga yadda ake tsayawa gaban malami. Kamar ɗan maƙera ne, wanda ke fara sana'a daga zuga. Kuma ya san rai ne ke rataye a kan ƙullin da ya yi. A 1978 Hokule'a ya kife kusa da tsibirin Moloka'i, Eddie Aikau, ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgin, ya tafi neman agaji a kan allon hawan igiyar ruwa, ba a sake ganinsa ba. Ana gaya wa yaran wannan labari, kuma a ganina ya dace a gaya musu.

Wasu kan ce ai jikin Hokule'a da falanki da kayan zamani aka yi shi, ina gargajiyar? Gaskiya ne, amma siffarsa da ɗaurinsa da tuƙinsa na kakanni ne, kuma su ne ake son su kai ga yaran.

An ma gwada komawa ga kayan asali. A da, gwanin sassaƙa kan shiga daji ya zaɓi itacen koa, yana lura da wani ɗan tsuntsu, elepaio: in ya sauka yana saran itacen, to akwai tsutsa a ciki, sai a bar shi. Da aka tashi ƙera wani kwale-kwalen mai suna Hawai'iloa wajen 1990, an yi watanni ana neman koa mai girman da ake buƙata, ba a samu ba, saboda sara da kiwon shanu sun cinye dajin. Ƙabilun asali na Alaska ne suka ba da kyautar manyan itatuwa biyu, aka saka jirgin a ruwa a 1993. Tun daga nan dashen koa ya shiga cikin darasin, don haka za ka ga yaran da ke gugar kwale-kwale a bakin teku ana kai su kan tsauni da dashe a hannu, ko da yake itacen sai ya shekara aru-aru kafin ya isa yin babban jirgi.