Addu'ar Alhamis da Kiɗan Lahadi

Ɗana, na ga saƙonka, na kuma ji daɗi da ka tambaye ni maimakon ka yi fushi ka bar ƙungiyar. Ka ce shugaban mawaƙanku ya hana ka taɓa kibod ranar Lahadi don ba ka je addu'ar Alhamis ba, alhali waƙoƙin duk suna kanka. Kana so ka sani ko dokar tana cikin Littafi Mai Tsarki ne, ko al'adar tsofaffi ce kawai.

Babu ayar da ta ce Alhamis, wannan kam gaskiyarka ce. Al'ada ce. Amma ni goggonka na buga tulu a Zumuntar Mata tun kafin mahaifinka ya yi aure, na san abin da ya haife ta.

Dubi yadda Lahadinka take. Fasto ya ce a rufe ido, kowa ya sunkuya, kai idonka na kan mai ba da waƙa kana jiran alama. Ana baiko, kana aiki. Ana Jibin Ubangiji, hannunka bai huta ba. Sai lokacin wa'azi za ka samu sarari, shi ma ina ganin samarinku suna zamewa bayan majami'a suna duba waya. To yaushe ka yi sujada? Mai kiɗa kamar mai tuwon biki ne, tun asuba tana bakin murhu, kowa ya ci ya ƙoshi, ita ta kwana da yunwa idan ba a ajiye mata nata ba. Addu'ar Alhamis ɗin nan akushinka ne da aka rufe aka ajiye maka.

Akwai kuma dalili na biyu. Bishara ta shigo mana Filato ta hannun ƙungiyoyin mishan, musamman biyu: SUM da suka sauka Wase a 1904, waɗanda ikilisiyar COCIN ta fito daga aikinsu, da SIM da suka haifi ikilisiyar ECWA a 1954. Mu kuwa harsuna barkatai ne, Berom, Ngas, Tarok, Irigwe, Afizere, kowa da bakinsa. Hausa ce ta haɗa mu a benci ɗaya. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, amma iyayenmu mata da yawa ba su iya karanta shi ba. A bakin mawaƙa suka koyi Maganar Allah, suna daka suna rerawa, suna noma suna rerawa. Saboda haka dattawan ikilisiya ba su ɗauki mai waƙa a matsayin ado ba, malami suka ɗauke shi, suna lura da zamansa kamar yadda suke lura da na mai wa'azi.

Ka ce kai ka riga ka iya. Buɗe 1 Tarihi sura 25. Dauda ya keɓe 'ya'yan Asaf da Heman da Yedutun domin waƙa, gwanaye 288. Da aka zo rabon aiki sai aka jefa ƙuri'a, babba da ƙarami, malami da almajiri, duk a jere guda. Gwaninta ba ta fitar da kowa daga layi ba.

Ni ma an taɓa karɓe tulu daga hannuna. Mun samu saɓani da wata 'yar'uwa a kan kuɗin anko, muka yi wata biyu ba ma gaisawa, amma ranar Lahadi muna tsaye kafaɗa da kafaɗa muna yabo. Uwar zumunta ta ɗauke tulun ta ajiye a ƙarƙashin kujerarta, ta karanta mana Matiyu 5:23-24, inda Yesu ya ce ka bar baikonka a gaban bagadi ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna. Na yi kuka don kunya. Matar nan ce daga baya ta kwana da ni a asibiti, ita ce kuma ta fara zuwa neman mu a rikicin Jos na Satumba 2001 da zarar an sassauta dokar hana fita.

Ka ambaci abokanka da ke yi wa majami'u uku kiɗa a Lahadi guda ana biyansu. Ba na ƙin a biya mai kiɗa, ma'aikaci ya cancanci ladansa, kuma koyon kibod ba kyauta ba ne. Abin da ke damuna shi ne, duk ukun babu inda aka san gidansu. Ranar da ɗaya ya kwanta ciwo, wani za a kira ya hau kujerarsa. Zumunci a ƙafa yake, ɗana, su kuwa ƙafarsu kullum a kan keke take zuwa wata majami'ar.

Idan aiki ne ya tsare ka ranar Alhamis, je gidan shugabanku da kanka, kada ka aika saƙon waya. Gaishe shi da kyau, ka faɗa masa gaskiya, ka roƙi a nemo lokacin da za ka iya zuwa. Wannan Lahadin kuma ka zauna cikin jama'a, ka rufe idonka tare da kowa. Bayan sujada ka biyo ta gida, zan ajiye maka gwate.